Abin da Ya Fitar da Zailani Daga Sahun Gaba

Wata daga cikinku ta rubuto min cewa in daina wanke kaina. Ba wanke kaina nake yi ba, 'yar uwa. Abin nan ya kusa shekara talatin, rabin waɗanda ke cikinsa sun riga mu gidan gaskiya. Zan faɗe shi yadda ya faru, ku auna da ma'auninku.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Batulu, 'yar Kwarbai ce ni a cikin birnin Zariya. A shekarar 1996 ina da shekara ashirin da biyu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare. An sa ranar aurena da Malam Zailani, ma'aikacin laburaren jami'a a harabar Kongo, nan Zariya, sati biyu bayan Babbar Sallah. Dogo ne, mai magana a hankali, irin mutanen da in sun ari biro sai sun maido shi da murfinsa. Ba zan ce muku ina mutuwar sonsa ba. Na dai san ƙarar besfarsa tun daga kwanar masallaci, kuma in lokacinta ya wuce ba ta zo ba sai in kasa zama wuri ɗaya. Ku sa wa wannan sunan da kuka ga dama.

Saura sati shida biki Baffa Nasidi ya zo. Ƙanen Babanmu ne, shi aka ɗora wa binciken Zailani tun farko, ya gama ya ce yaro ba shi da aibu. To amma Baffa bai iya rufe magana ba. Ranar Asabar ce da hantsi, ina ƙofar ɗakin Inna ina goge kwanukan jere da tsumma. Ya shigo da babbar riga ruwan toka, ya tattare ta a kafaɗa, ya wuce turakar Baba ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Tagar turakar a buɗe take saboda zafin bazara. Ban matsa kusa ba, ban kuma tashi ba.

"Yaya, yaron nan ya bar ɗariƙa."

"Wa ya faɗa maka?" in ji Baba.

"Idona. Kwana uku ina yin magariba a masallacinsu na unguwar Kaura. Da can in liman ba ya nan shi ake turawa gaba. Yanzu sahun ƙarshe yake tsayawa, a bakin ƙofa, tare da takalma. Liman na sallama yana miƙewa. Kafin a shimfiɗa farin ƙyallen wazifa ya kai gida."

"Ƙila uzuri gare shi."

"Uzuri kullum? Shekaranjiya liman ya makara, aka ce Malam Zailani bismilla, ya ce a gafarce shi. Sau uku ana roƙonsa. Sannan an yi sadakar arba'in ta maƙwabcinsu, aka ajiye masa waina da miyar taushe, ya ce ya ƙoshi. Ya ƙoshi! Mutumin da za ka iya rataya carbi a ƙashin wuyansa. Ko farar riga ya daina sawa ranar Juma'a."

"Ai ka san ya yi ciwo da wurin aikinsu suka tura shi kwas Ingila. An yi masa aiki."

"Aiki!" Baffa ya yi tsaki. "Na bi wannan ma. 'Yan majalisarsu sun sa ya ɗaga riga. Tabo huɗu ne, kowanne bai kai kan yatsa ba. Wanzami in ya yi maka ƙaho ya fi haka barin shaida. Audu direba da aka yi wa aiki a asibitin Wusasa, tun daga cibiya har mara aka tsaga shi, wata biyu ya koma sahu. Wannan ba cikinsa aka taɓa ba, Yaya. Can ya gamu da masu sabon karatu, suka juya masa kai."

Baba muƙaddami ne, a hannunsa rabin unguwarmu suka karɓi wuridi.

"Ba zan ba da 'yata ga wanda zai riƙa kallon ubanta a matsayin ɓatacce ba," ya ce. "Amma ba na yanke hukunci da gaggawa. A ba ni kwana goma."

Inna ta leƙo daga ɗaki, kallabinta a karkace. Ita ma ta ji.

"Ke, ya taɓa ce miki ki daina zuwa Maulidi?"

"A'a, Inna."

"To ni na riga na ba da ɗinkin labule. Ko ma me ya zama, ya bari sai bayan biki ya zama."

Na ci gaba da goge kwanon da ke hannuna, wanda tun ɗazu ya gogu. Duk abin da Baffa ya lissafa gaskiya ne. Fassararsa ce kawai ba daidai ba, kuma a duk gidanmu ni kaɗai na san haka.

Sati uku kafin nan Zailani ya faɗa min. Shi bai iya furta magana mai nauyi da baki ba. A laburare suna da wasu ƙananan katuna masu huda a ƙasa, da ake buga sunan littafi a kai a jera cikin durowa. A bayan waɗanda aka daina amfani da su yake buga min wasiƙa da tafireta. Yawanci layi biyu ne: mangwaro ya fara nuna a Kongo, zan kawo ranar Alhamis. Ko kuma: shuɗin mayafin ya fi.

Ranar nan, Alhamis bayan la'asar kamar kullum, na fita zaure da tabarma. Ina sanye da atamfa mai ganyen kuka da shuɗin mayafin. Shi kuwa kaftani ne ruwan ƙasa mai duhu da hula ƙube. Bayan gaisuwa ya ciro katuna uku ya miƙo min, ya juya fuskarsa wajen bango.

Na farko ya ce: "Abin da aka cire min ƙari ne a ƙarshen hanji, ba basir ba kamar yadda na faɗa a gida. Ba su tsaga ciki ba. Sabon aiki ne, ta ƙananan huda suke shiga da kyamara. Sun yanke wurin sun haɗa. Tun daga nan bayan gida ba ya min sallama. Sau shida, sau takwas a yini. In ya taso minti biyu zuwa uku nake da su. Wani lokaci ba na iya bambance iska da abin da ya fi iska. Shi ya sa ba na cin abinci a waje."

Na biyu: "Fitsari ba ya fita da ƙarfi, kuma ba ya yankewa sarai. Ba kullum alwalata ke kai ƙarshen salla ba. Ba zan tsaya gaban mutane ina shakka ba."

Na ukun shi ya fi gajarta. "Jijiyoyin da ke wurin su ne na sha'anin iyali. Likita ya ce an taɓa su. Wasu mazan suna dawowa cikin shekara ɗaya ko biyu, wasu rabi, wasu ba sa dawowa. Wata goma ke nan, ban ga alama ba tukuna. Haihuwa ma bai yi min alkawari ba."

Za ku so in ce na yi kuka. Ban yi ba. Abin da na lura da shi a lokacin shi ne tafiretarsu ta toshe wajen harafin "a", duk ya cike da tawada. Na karanta na ukun sau biyu ina kallon wannan toshewar.

"Kin gama?" ya ce, bai juyo ba.

"Na gama, Malam."

"Kawo."

Ya karɓe su, ya daidaita gefensu a gwiwarsa, ya mayar aljihu.

"Ko Hajiyarmu ba ta sani ba. In kin fasa, ki ce halina ne bai yi miki ba, zan amsa. Abu ɗaya na roƙa. Amana."

"Amana," na ce. "Kuma ban fasa ba."

Na faɗi haka ne don ita ce maganar da ta dace da wurin. Ko ita ce a raina, ban duba ba. Shekarata ashirin da biyu, abin da na sani game da katin na uku bai wuce raɗe-raɗin da nake ji a ɗakin amare ba. Na dai san yadda ake kallon cikin amarya in ta yi wata shida, kuma na san ba ango ake kallo ba.

To kun ji inda nake lokacin da Baffa ya kawo labarinsa.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na tare Zailani da maganar tun kafin ya gama cire takalmi.

"Baffa Nasidi ya je masallacinku."

"Na gan shi. Kwana uku yana salla da ido ɗaya."

"Ya ce wa Baba ka bar ɗariƙa."

Ya yi dariya, gajera. "Ban taɓa fashin wuridina ba. A ɗaki nake yi, taku biyar daga bayi."

"To ka faɗa wa Baba. Na farko da na biyu kawai. Wa zai ga laifin mara lafiya?"

"Babanki malami ne, Batulu. In ya ji ɗaya da biyu ba sai an koya masa ƙirga ba. Sannan daga turakarsa zuwa kunnen Baffanki taku nawa ne? Daga Baffanki zuwa majalisar Kaura fa?"

"Baba ba mai surutu ba ne."

"Ban ce shi ne ba." Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. "In aka ce na bar ɗariƙa, za a daina gaishe ni. In aka ce ɗayar, za a riƙa gaishe ni da yawa. Kowa ya gan ni, sannu Malam, ya ƙarfin jiki. Gara a daina."

"Ko da za a fasa auren?"

"Ko da za a fasa."

"Wato sunanka ya fi ni."

"Ke na faɗa wa. Duk garin nan ke kaɗai. Ki auna da wannan."

Wata akuya ta leƙo zauren ta koma. Can sai na ga ya ɗan sunkuya, ya dafe gwiwa, ya miƙe da sauri.

"Zan wuce. A gaida su Inna."

Ko rakiya bai jira ba. Da can in ya yi haka nakan ɗauka gajiya ya yi da hirata.

Satin nan na yi shi kamar kowane sati. Na je makaranta, na koyar da jadawalin bakwai, na dawo na taya Inna tsintar shinkafa. Tela ya aiko da ɗinkin leshina, hannun ya matse, aka mayar. A raina kuwa abu biyu nake jujjuyawa. Mutum ya ba ni amana. Ana kuma cin namansa a kan abin da bai yi ba, a cikin gidanmu, ina ji. In na yi shiru na taya su zalunci. In na yi magana na ci amana. Na nemi hanya ta uku har na gaji, babu.

Alhamis bayan azahar Baba ya aiko Inna ta kira ni. Yana zaune kan buzunsa, littattafai a jibge gefen dama, tabarau a goshi. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kirana Batulu ba.

"Uwata, matso. Jibi Asabar zan aika a kira waliyyin yaron nan. Zan ce a dakata."

A gidanmu dakatawa ita ce fasawa cikin ladabi.

"Na sa wani ma ya duba ban da Nasidi," ya ci gaba. "Abin da ya gani ke nan. Na san ranki ba zai so ba. Amma zafin yau ya fi na shekara goma sauƙi."

"Baba, bai bar ɗariƙa ba."

"Shi ya ce miki?"

"Ba shi da lafiya ne."

Ban taɓa furta kalmar fitsari a gaban Baba ba tun da na yi wayo. Ranar na furta. Idona a kan saƙar tabarma, na faɗi na farko, na faɗi na biyu, kusan kalma da kalma yadda aka buga su. Na bayyana masa ƙananan hudar da kyamarar, da dalilin bakin ƙofa, da wainar arba'in, da farar riga. Muryata ba ta yi rawa ba. Kamar ina karanta sunayen 'yan aji.

Baba ya sauko da tabaransa, ya riƙe a hannu.

"Astagfirullah," ya ce. Ya sake faɗa. "Mun ci naman bawan Allah, mun sha romo. Mutumin da ya ƙi jan jama'a don yana shakkar alwalarsa, ai ya fi wasunmu sanin abin da yake yi. Kuma shari'a ta yi wa mai yoyo sauƙi, bai kamata ya takura kansa haka ba. Da ya zo ya tambaye ni."

Na ji sanyi ya sauko min. Na fara gyara mayafi don in tashi.

"Zauna, Uwata."

Na zauna.

"Shekara ashirin ina sauraron ƙorafin ma'aurata a zauren gidan nan. Aikin da ya taɓa hanyar baya, ya taɓa ta gaba, ba kasafai yake tsayawa nan ba. Ba zan sa ki faɗi abin da bai dace da bakinki ba. E ko a'a. Akwai saura?"

Fankar sama a tsaye take, babu wuta. Ina jin Inna tana kankare tukunya a madafa.

"Akwai."

"Na dindindin?"

"Likita ya ce ba a sani ba. Ƙila ya dawo, ƙila a'a."

"Shi ya faɗa miki, ko ji kika yi?"

"Shi ne."

"Kafin a ɗaura." Ya gyaɗa kai a hankali. "To shi ya sauke nasa nauyin."

A nan ne nake so ku tsaya, ke da kika ce ina wanke kaina. Ina durƙushe a wurin nan, jira nake ya ce an fasa. Sai a lokacin na gane. Da ya faɗa, da na yi kukan sati guda, in ce iyaye ne suka raba mu, in ci gaba da rayuwata hannuna fari. Har yau ban iya rabe muku ba ko na yi magana ne don a wanke Zailani, ko don a ɗauke min zaɓi. Ina jin duka biyun ne, ban dai san wanne ya fi yawa ba.

Baba bai ba ni wannan sauƙin ba.

"Da maganar ɗariƙa ce, tawa ce, sai in hana," ya ce. "Wannan ba tawa ba ce. Ke za ki zauna a ɗakin, ba ni ba, ba uwarki ba. Ba zan hana ki ba, ba zan kuma ce ki yi ba. Rana tana nan inda take sai in ke kika ɗaga ta. Nasidi zan ce masa na bincika na gamsu. Ba zai ji ko harafi daga bakina ba."

"To Baba, me kake gani?"

"Ina ganin ki yi istihara."

Na miƙe. Har na kai ƙofa ya sake magana.

"Ya san za ki faɗa min?"

"A'a."

"Ya ce kar ki faɗa?"

Na sunkuyar da kai.

"To wannan ma taki ce," in ji Baba, ya mayar da tabaransa.

Na koma ɗaki na yi la'asar. Na sa doguwar riga mara ado, na shafa hoda, na goge, na sake shafawa. Na tsara yadda zan yi: yau ba zan ce masa komai ba. Zan ce Baba ya sauko da kansa. In an kwana biyu, in na ga fuska, sai in faɗa masa a hankali. Baba ya yi alkawarin ba zai yi magana ba, kuma Baba ba ya saɓa alkawari.

Bai saɓa ba kuwa. Bakinsa bai ce komai ba.

Da Inna ta ce baƙona ya iso, na ɗauki tabarma na fita. A gefen zaurenmu akwai wani ɗan bayi na baƙi. Shekara da shekaru yana kulle da kwaɗo, sai in Baba na da manyan baƙi daga nesa ake buɗe shi. Ranar a buɗe na same shi, an share, an yayyafa ruwa. A bakin ƙofarsa ga butar Baba ta kansa, ta ƙarfe, cike har baki, da sabon sabulu a kan murfin kwano.

Zailani yana tsaye a tsakiyar zauren, takalmi ɗaya a cire, yana kallon butar.

Na shimfiɗa tabarmar. Na gaishe shi. Bai amsa ba.

"Babanki na gamu da shi a ƙofa zai fita," ya ce, muryarsa a kwance. "Ya ce in ɗauki nan kamar gida."

"Malam..."

"Na nawa kika faɗa masa?"

"Biyu. Na ukun shi ya tambaya."

"Kika ce?"

"Na ce akwai."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa lokacin tashin mota.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba zai hana ba. Ya ce ni zan zaɓa."

"Madalla." Ya mayar da ƙafarsa cikin takalmin. "To kafin ki zaɓa, Batulu, ni ma yanzu ina da abin da zan zaɓa."

Ya sunkuya ya naɗe tabarmar da na shimfiɗa, ya daidaita bakinta, ya miƙo min da hannu biyu.